Gida a Kan Taya, Kare a Kujerar Gaba: Wa Matafiyi Zai Bar wa Amana?

Mu ƙaddara ƙarfe bakwai ne na safe, a tsakiyar watan Yuli, a filin ajiye motoci na gandun dajin Zion da ke jihar Utah a Amurka. Jama'a sun yi dogon layi suna jiran bas ɗin da ke shiga da su cikin kwarin, domin a yawancin watannin shekara ba a yarda kowa ya shiga da motarsa ba. Can gefe ga wata farar motar ɗaukar kaya da aka mayar ɗakin kwana: katifa a baya, ɗan risho, jarkokin ruwa, faifan sola a kan rufi. Mai motar ta shafe wata takwas a kan hanya, kuma kwana biyu ta yi tana tuƙi takanas don ta ga wannan wuri. Karenta na kujerar gaba, ya ɗora haɓa a bakin taga yana kallonta. Bas ɗin ba ya ɗaukar kare. Hanyoyin ƙafa na gandun duk an hana kare taka su, in ban da guda ɗaya tilo mai suna Pa'rus. Kafin azahar zafi zai iya haura maki 38 a ma'aunin Celsius. Gidan da za ta bar shi babu, domin motar ce gidan. Maƙwabci babu. A garin da ke bakin gandun kuwa, ko sunan mutum ɗaya ba ta sani ba.

Irin wannan safiya takan waye wa mutane da yawa a Amurka, Turai da Ostareliya, waɗanda suka mayar da hanya mazauni. Wasunsu 'yan fansho ne da suka sayar da gida suka sayi babbar mota mai ɗakuna, suna bin ɗumi, hunturu a kudu, bazara a arewa. Wasu tsadar haya ce ta koro su daga birni, motar ce kawai ta rage musu. Wasu matasa ne masu aikin kwamfuta, duk inda intanet ta kama nan ne ofis. Ga kuma direbobin tirela da kan yi makonni ba su ga ƙofar gidansu ba. Da yawansu suna tafe da kare.

Na san mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya cewa, duk wannan dogon zance a kan kare? A wajenmu kare na gadi ne, na farauta, na bin shanu. Yana kwana a waje, yana cin abin da ya rage a tukunya, ba wanda ke fasa tafiya saboda shi. A can matsayinsa daban ne. Ga tsohuwar da ke kwana ita kaɗai a cikin mota a tsakiyar hamada, karen nan shi ne mai gadinta, shi ne kuma rai ɗaya da take yi wa magana a wuni. Amma ko mun saɓa da su a kan inda kare zai kwana, ba mu saɓa a kan haƙƙin dabbar da mutum ya killace ba. Tun muna allo muka ji labarin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, da abin da ya same ta. Mun ji na mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah Ya gafarta masa. Kare da aka kulle a mota ba shi da ikon neman inuwa ko ruwa da kansa. Duk abin da ya same shi yana wuyan mai riƙe da makulli.

Abin da ya sa al'amarin ya yi wuya, a fahimtata, shi ne kula da dabba abu ne da aka gina a kan zama wuri ɗaya. Mazaunin gari yana da maƙwabcin da kare ya san ƙamshinsa, yana da likitan dabbobi da ya san tarihin karen tun yana kwikwiyo, yana da gidan ajiye karnuka da ya gwada sau biyu sau uku ya ga riƙonsu. Duk waɗannan sabo ne ya haifar da su, sabo kuwa sai da lokaci. Matafiyi kullum baƙo ne, baƙo kuwa makaho ne ko da idonsa biyu. Duk garin da ya shiga sai ya fara neman amintacce daga farko, kuma sau da yawa sa'o'i kaɗan gare shi ya yanke shawara. Takardun rigakafi, manhajojin waya, na'urorin auna zafi, duk abin da zan ambata a ƙasa yunƙuri ne na cike gurbin maƙwabci. Wasu sun cike rabi, wasu ko kusa.

Bari mu fara da abin da ya fi kisa, wato zafi. Kare ba ya gumi kamar mutum. Ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne, bai taka kara ya karya ba. Da haki yake sauke zafin jikinsa: ya wangale baki, ya zaro harshe, danshin ya tafi da zafin. Idan iskar da yake shaƙa ita ma ta ɗau zafi, dabarar ta daina aiki. Zafin jikinsa in yana lafiya tsakanin maki 38 ne da 39. Da ya doshi 41, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta sun shiga haɗari, kuma ko an cece shi a lokacin yana iya mutuwa bayan kwana ɗaya ko biyu. Karnuka masu gajeren hanci, irin su bulldog da pug, da tsofaffi da masu ƙiba, sun fi saurin faɗuwa.

A 2005 wasu masu bincike, cikinsu har da likitocin jami'ar Stanford, sun wallafa sakamakon awon zafin cikin motar da aka ajiye a rana. Sun samu cewa a cikin sa'a ɗaya zafin cikin motar yakan ƙaru da kusan maki 22 a kan na waje, kuma kashi 80 cikin ɗari na ƙarin yana faruwa ne a rabin sa'ar farko. Sauke gilashi kaɗan, abin da kowa ke yi ya samu kwanciyar hankali, bai canza wani abin kirki ba. Ko a ranar da iska ke kaɗawa da daɗi a waje, cikin motar yakan zama tanda. Wanda ya taɓa barin mota a rana a Sakkwato cikin watan Afrilu ya dawo ya kama sitiyari ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

To sai mutum ya ce, ai manyan motocin kwanan nan suna da na'urar sanyaya ɗaki. Gaskiya ne, amma na'urar tana cin wuta fiye da abin da batir da sola na yawancin motoci za su iya ɗauka na tsawon wuni. Dole sai an jona da wutar sansani, wato filin da irin waɗannan motoci ke kwana, ko an tada janareta. Wutar sansani takan ɗauke, kuma ta fi ɗaukewa da tsakar ranar zafi, lokacin da kowace mota ta kunna tata na'urar. Janareta yakan mutu, kuma sansanoni da yawa sun ƙayyade sa'o'in da ake kunna shi saboda ƙara. Daga nan aka ƙirƙiro 'yar na'urar da ake ratayewa a cikin mota tana auna zafi, in ya wuce iyaka ta turo saƙo a waya. Abu ne mai amfani, ba na raina shi. Sai dai tana bukatar sabis, ita da wayar duka, kuma wuraren da mutane ke barin kare su je gani, kwari da duwatsu da dazuzzuka, su ne wuraren da sabis ba ya kaiwa. Ko saƙon ya iso, in kana tafiyar sa'a uku a ƙafa daga motar, saƙon bai ba ka komai ba sai labarin abin da ba za ka iya hanawa ba. Kamfanin Tesla ya fito da wani tsari a 2019 da ke barin sanyi a kunne a motar lantarki, yana kuma rubuta wa masu wucewa a allon mota cewa mai kare zai dawo, ga kuma ma'aunin zafin ciki. Wannan ya warware matsalar shiga kanti na minti ashirin. Bai warware ta wuni guda ba.

Ga kuma doka. Jihohin Amurka da dama sun haramta barin dabba a mota cikin yanayin da zai cutar da ita, wasu ma sun ba mai wucewa kariya idan ya fasa gilashi ya fito da ita bayan ya kira 'yan sanda. Yawancin sansanoni na kuɗi suna da ƙa'idar cewa ba a barin kare shi kaɗai, domin karen da ya ga ubangidansa ya tafi a baƙon wuri yakan yi ta haushi har maƙwabta su kai ƙara.

Matafiya da yawa suna jin haushin dokokin gandun daji, amma ni ina ganin masu gandun suna da hujja. A gandun Yellowstone kare ba ya wuce kimanin mita 30 daga titi, filin ajiye mota ko sansani, kuma dole yana ɗaure da igiyar da ba ta kai mita biyu ba. Wurin akwai beyar, akwai kyarkeci, akwai ɓauna. Kare kan tsokano dabba ya rugo da gudu wurin mai shi, dabbar na biye. Yana iya kai wa namun daji cuta, ko ya kwaso tasu. Akwai kuma maɓuɓɓugan ruwan zafi da ke tafasa. A watan Oktoban 2021 wata matashiya ta ƙone ƙwarai a can lokacin da ta shiga ɗaya daga cikinsu don ta ceto karenta da ya fice daga mota, karen kuma bai rayu ba. A Zion ɗin da muka fara da shi, wani kare ya mutu a 2020 bayan ya yi wasa a kogin Virgin, aka gano gansakuka mai guba ce a ruwan. Dokar tana kare karen kansa. Abin da za a iya zargin hukuma da shi shi ne hana shiga ba tare da tanadin wurin ajiya ba. Gandun Grand Canyon, mai ƙaton kwari, na da gidan ajiye karnuka a gefensa na kudu, inda mutum zai bar nasa ya sauka kwarin. A cikin Yellowstone babu, sai ka fita garuruwan da ke kewaye. Wasu wuraren kuma hannunsu a sake yake: gandun Acadia a jihar Maine ya buɗe yawancin hanyoyinsa ga karnuka, haka ma dazuzzukan gwamnatin tarayya da filayen hamada na hukumar kula da filaye, inda mutum kan yi zango kyauta har kwana 14. Shi ya sa in ka duba taswirar tafiyar mai kare, za ka ga ta bambanta da ta wanda ba shi da shi. Karen ne ya zana ta.

Sai mu zo ga gidajen ajiye karnuka na kasuwa. A nan ne baƙo ke fara cin karo da ƙofa a rufe. Gidan kirki ba ya karɓar kare sai da shaidar allurar haukan kare, da allurar haɗin gwiwa ta cututtuka irin su distemper da parvo, da kuma ta tarin da karnuka ke ɗauka a cunkoso. Wasu suna ƙara ta murar karnuka. Wasu suna so a ce an yi allurar kwanaki kafin a kawo shi, don haka yin ta da safiyar ranar ba ya fisshe ka. Gidajen da ke sakin karnuka su yi wasa tare kuma sukan ce sai an kawo shi gwajin hali tukuna, su ga ko yana faɗa, kuma ranar gwajin sai an yi alƙawari. Wasu ba sa karɓar namijin da ba a fiɗiye ba, wasu suna ƙin wasu jinsuna gaba ɗaya saboda sharaɗin inshora. Mazaunin gari sau ɗaya yake bin wannan layi a rayuwar karensa. Matafiyi kuwa duk sabon gari sabon layi. A garuruwan yawon buɗe ido kuma, lokacin hutu, gurabe kan cika makonni kafin ranar, alhali mai yawo da mota sau da yawa bai san inda zai kwana jibi ba.

Wannan giɓi ne manhajojin waya suka shigo su cike. Rover, wadda aka kafa a Seattle a 2011, tana haɗa mai kare da mutanen gari da ke karɓar kare a gidajensu, na wuni ko na kwana. Wag ta biyo baya a 2015. Kasuwar ta yi girman da kamfanin zuba jari na Blackstone ya sayi Rover a kan dala biliyan 2.3, cinikin da aka sanar a ƙarshen 2023. Ga matafiyi wannan babban sauƙi ne: bayanan karensa da takardunsa suna cikin waya, ra'ayoyin waɗanda suka taɓa ba mutumin kare suna nan a rubuce, ana kuma turo masa hotuna da rana. Taurarin da ke gaban sunan mai riƙon su ne suka maye gurbin shaidar da maƙwabta ke bayarwa.

Amma a lura da abin da taurari ba sa faɗa. Ba sa faɗa maka cewa katangar bayan gidan tana da rami. Ba sa faɗa maka yau karnuka nawa ne a gidan. Masu riƙon ba ma'aikatan kamfanin ba ne, kowa cin gashin kansa yake yi, kuma binciken da ake yi musu na tarihin laifi ne, ba na gwanintar riƙon dabba ba. Kamfanonin da kansu suna ba da shawarar a fara haɗuwa ido da ido kafin a bar kare, kuma wannan haɗuwar ita ce abin da mai sauri ya fi tsallakewa. Haɗarin da ya fi tsorata ni a nan shi ne gudu. Karen da ya tsere daga hannun mai riƙo a garinsu yakan nufi gida, maƙwabta su gane shi. Karen matafiyi in ya tsere, gidan da zai nufa mota ce da ke wani wuri da bai sani ba, a garin da ba wanda ya taɓa ganinsa. 'Yar ƙwayar lantarki mai girman ƙwayar shinkafa da ake dasa wa kare a ƙarƙashin fatar wuya tana taimakawa, amma ba ta nuna inda yake. Lamba ce kawai da ake karantawa in an tsince shi an kai shi asibiti ko gidan marayun dabbobi, kuma in lambar wayar da ke rajistar tsohuwa ce, aikin banza ne. Sannan a ƙauyukan da ke nesa, inda aka fi bukatar mai riƙo, in ka buɗe manhajar sau da yawa ba kowa a kusa.

Akwai wani tsarin da ke tafiya ta ɗaya gefen, irin na TrustedHousesitters da aka kafa a Brighton ta Ingila a 2010: mai gida zai yi tafiya, baƙo ya zo ya zauna a gidan kyauta yana kula da dabbobin. Tsarin yana yi wa mai gida amfani. Wanda gidansa mota ce ba shi da ɗakin da zai ba wani.

Duk wannan maganar masu yawon ganin wurare ce, waɗanda in abin ya gagara za su iya haƙura su wuce. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai neman abinci. Kowace shekara a farkon Oktoba, mazauna mota da yawa, cikinsu har da dattawa, sukan nufi kwarin Red River tsakanin Minnesota da Dakota ta Arewa don aikin girbin gwozar da ake yin sukari da ita. Aikin sa'a 12 ne a rana, ba hutu sai yanayi ya ɓaci, na 'yan makonni. Wasu kuma suna aikin ɗakunan ajiyar kaya gab da Kirsimeti. Kuɗin da suka tara a nan shi zai riƙe su watanni. In aka cire kuɗin ajiyar kare na kowace rana, ribar ta tafi. Abin da suke yi shi ne su daidaita da juna: mai aikin dare ya fitar da karen mai aikin rana, ko mata da miji su karɓi aiki a lokuta daban don kada motar ta zama ba kowa.

Direban tirela shi nasa karen kullum yana tare da shi, amma shi ma yana da tasa matsalar. Dokar Amurka ta ba shi tuƙin sa'a 11 a cikin sa'a 14 na aiki, sannan hutun sa'a 10. Kamfanoni da yawa suna yarda da kare a mota bisa kuɗin ajiya da iyakar nauyi. Wasu tashoshin manyan motoci, irin na Love's, sun kewaye ɗan fili don karnuka su miƙe ƙafa. Amma akwai masana'antu da ɗakunan kaya da ba a shiga harabarsu da dabba, kuma jihohi irin su Kalifoniya sun hana barin injin babbar mota yana aiki a tsaye fiye da minti biyar, saboda hayaƙi. In motar ba ta da ƙaramin injin sanyi na daban, direba ya shiga tsaka mai wuya tsakanin tarar hukuma da ran karensa.

Batun likita ma haka yake. A yawancin jihohin Amurka likitan dabbobi ba ya rubuta magani sai ya taɓa duba dabbar da kansa. Karen da ke shan maganin farfaɗiya ko na ciwon suga kullum, in maganin ya ƙare a wata jiha, sai an biya kuɗin sabon dubawa wurin likitan da bai san shi ba. Shi ya sa wasu ke manne wa asibitoci masu rassa da yawa irin su Banfield, don fayil ɗin ya bi su duk inda suka je, wasu kuma suna yawo da kwafin komai a jaka da kuma a waya. Cutar ma tana canzawa da ƙasa. Tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa ta fi yawa a kudu maso gabas. Cutar Lyme da kaska ke kawowa tana arewa maso gabas da yankin manyan tafkuna. A hamadar Arizona akwai zazzaɓin da ake shaƙa daga ƙurar ƙasa, wanda likitan wata jiha mai nisa zai iya kasa ganewa in ba a gaya masa inda karen ya bi ba. A kudancin Turai akwai cutar leishmania da wani ɗan ƙaramin ƙuda ke yaɗawa, da wata tsutsar itacen pine mai gashi da kan lalata harshen karen da ya lashe ta. A Ostareliya, inda yawancin gandayen daji na ƙasa suka hana kare shiga sam, ana baza nama mai guba da ake kira 1080 don kashe dila da karnukan daji, kuma ba shi da makari, shi ya sa matafiya ke sa wa nasu takunkumi.

In tafiya ta kai ga tsallaka iyaka, takarda ta ƙaru. Tushen duk tsananin shi ne ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Asiya da Afirka, kuma kusan duka ta cizon kare. A cikin Tarayyar Turai kare na yawo da fasfo nasa: ƙwayar lantarki, allurar hauka, jiran kwana 21. Da Birtaniya ta fice, daga farkon 2021 matafiyanta suka koma neman takardar lafiya da likita zai sa wa hannu cikin kwana 10 kafin tafiya, sannan in za su koma gida sai an ba karen maganin tsila tsakanin kwana ɗaya zuwa biyar kafin shiga. Masu gudun hunturu da ke tsallakawa Maroko da motocinsu suna da wani tarko a gaba: dawowa Turai na bukatar gwajin jini da ke nuna allurar ta kama. Wanda ya yi gwajin kafin ya fita ya huta. Wanda ya manta sai ya yi shi a can, ya jira wata uku. A nan mutum ke neman wanda zai riƙe masa kare na watanni a ƙasar da ba ya jin harshenta, ko ya zauna tare da shi har izinin zamansa ya ƙare. Amurka ma ta tsaurara. A Yulin 2021 ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe sama da ɗari da ake ganin cutar ta yi yawa, Najeriya na ciki, sannan daga 1 ga Agustan 2024 ta sa doka cewa duk karen da zai shiga sai ya kai wata shida, yana da ƙwayar lantarki, an kuma cike masa fom.

Da nake bin wannan al'amari, abin da ya yi ta faɗo mini a rai shi ne zango. Fataken Hausa da suka riƙa bin hanyar Gwanja neman goro su ma baƙi ne a kowane gari, da jakuna da kaya da dukiyar mutane. Ba su dogara da sa'a ba. A kowane zango akwai mai masauki, fatoma, wanda ya san gari, gari ya san shi. Shi ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a ciniki, kuma in ya ci amana labari zai bi ayari har gida, kasuwarsa ta mutu. Makiyayi kuma da ke tashi da garke da karnukansa bai san wannan matsala ba sam, domin ruga ba ta zama ba kowa, kuma karen yana da aikin yi a cikin tafiyar. Matafiyin zamani ya fita shi kaɗai ko su biyu, ba ayari, ba fatoma. Abin sha'awa shi ne inda suka daɗe a hanya sukan sake gina abin da kansu. A Quartzsite, wani ɗan gari a hamadar Arizona da dubban motoci ke taruwa kowane hunturu, mutane kan yi zango rukuni-rukuni, su san karnukan juna da suna. Yau ka riƙe nawa in je asibiti, gobe in riƙe naka ka je gyaran mota. Suna da zaurukan Facebook da ake tambaya, wa ya san amintacce a gari kaza? A ganina wannan ya fi duk wata manhaja ƙarfi, saboda mai riƙon ya san za ku sake haɗuwa a wani zangon, kuma ya san ma'anar a ce motar nan ita ce komai naka.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba, ita ce ta karen kansa. Wani kare an halicce shi da son hanya: in dai yana ganin mai shi, ko'ina gida ne, kuma yana samun yawo da iska fiye da karen da ke kulle a bene wuni guda. Wani kuwa duk sabon wuri tashin hankali ne gare shi. Za ka gan shi yana rawar jiki, yana lasar ƙafa har ta yi ciwo, ya ƙi cin abinci kwana biyu bayan an karɓo shi daga hannun baƙo. Irin wannan kare, yawan miƙa shi daga hannu zuwa hannu zalunci ne ko da kuɗin da aka biya ya kai nawa. Mai shi yana da zaɓi biyu na gaskiya: ya rage gudu, ya riƙa yin wata guda a wuri ɗaya har karen ya saba da mutum ɗaya, ya kuma haƙura da wuraren da ba a shiga da kare, ko kuwa ya bar shi wurin ɗan'uwa mai gida tun kafin ya tashi. Na biyun yana da ciwo, amma na fi girmama wanda ya yi shi a kan wanda ya ɗauko kare don hoto ya yi kyau, sannan ya riƙa kulle shi yana addu'ar kada wuta ta ɗauke.

Saura abu ɗaya da dattawan hanya suka fi tsoro, ba su kuma cika son zancensa ba. Mutum ya shiga kanti sayen burodi, ya yanke jiki ya faɗi, motar asibiti ta ɗauke shi a sume. Ba wanda ya san cewa a can ƙarshen fili akwai mota da labule a sauke, da rai a ciki. Ko kuma ya bar karen a gidan ajiya na kwana biyu, ya yi haɗari a hanya, kwanaki su yi ta tafiya. A Kalifoniya doka ta ɗauki dabbar da ba a zo ɗauka ba kwana 14 bayan ranar alƙawari a matsayin wadda aka yasar, daga nan gidan na iya neman wanda zai ba. Saboda haka za ka ga da yawansu suna sa ɗan kati a cikin walat, kusa da lasin tuƙi inda ma'aikacin asibiti zai fara dubawa. A jikinsa an rubuta cewa akwai kare shi kaɗai a mota, ga launin motar da lambarta, ga sunan karen da maganin da yake sha, ga kuma lambar wayar mutum biyu da suka riga suka amsa cewa in an kira su, ko daga wace jiha ce, za su taso.